Jan hatimi a zamanin kiran bidiyo: me sabuwar dokar notari ta Najeriya ta gyara?

Duk wanda ya taɓa neman takardar rantsuwa a Najeriya ya san yadda ake yi. Kafin ka gama sauka daga adaidaita sahu wani yaro ya riga ya tare ka: "Alhaji, afidabit ne? Shekarun haihuwa ko gyaran suna?" Ni ɓatan wata takarda ya kai ni, shekarun baya, bakin wata kotu da ba sai na faɗi sunanta ba. Ƙarƙashin darbejiya akwai mai kwamfuta da injin buga takarda da ɗan janareta yana ta kuka. Ya tambayi sunana da unguwarmu, ya buɗo wata takarda da ya yi wa wani jiya, ya goge sunan wancan ya sa nawa. Yaron ya karɓi takardar da kuɗi ya shige ciki, ni kuwa aka nuna mini benci. Bayan kamar minti 20 ya dawo da ita, an buga hatimi, an sa hannu, a ƙasa kuma an rubuta da Turanci cewa wane ya yi rantsuwa "a gabana". Gaban wa? Har yau ban san fuskar mutumin ba. Ban ɗaga hannu ba, ba a miƙo mini Alƙur'ani ba, ko "gaskiya ne abin da ke cikin nan?" ba a tambaye ni ba. Na kai takardar inda ake nema, aka karɓa, ba wanda ya ce uffan.

Wanda ya buga mini hatimin nan kwamishinan rantsuwa ne, ma'aikacin kotu, ba notari ba, wato lauyan da aka naɗa don shaidar takardu. Amma jarin sana'ar su biyun ɗaya ne, wato kalmar nan "a gabana". Ita ce kuma kalmar da Najeriya ta sake wa ma'ana a 2023, lokacin da aka yi sabuwar dokar notari wadda ta ce ana iya bayyana a gaban mai hatimi ta allon waya ko kwamfuta. Kafin a ce an ci gaba ko an buɗe wa 'yan damfara ƙofa, gara a fara sanin abin da hatimin yake shaida a kai.

Notari a Najeriya lauya ne wanda Alƙalin Alƙalan ƙasa ya naɗa, ya yi rantsuwar kama aiki, sunansa ya shiga rajistar da Babban Magatakardar Kotun Ƙoli ke riƙe da ita, doka kuma ta ɗauke shi a matsayin jami'in Kotun Ƙoli. Ba kowane barista ne notari ba, ko da ya shekara 30 yana sa baƙar riga. Aikinsa shi ne ya rantsar da mai rantsuwa, ya shaidi sa hannu a kan takardun ciniki da na wakilci, ya tabbatar kwafin takarda ya yi daidai da na asali, da wasu ayyuka na harkar banki da jiragen ruwa. Inda jama'a ke yawan ruɗewa shi ne zaton cewa jan hatimin yana nufin abin da ke cikin takardar gaskiya ne. A'a. In ka rantse an haife ka a 1990 alhali a 1985 aka yi sunanka, zunubin da laifin naka ne. Abin da notari ke cewa ɗan kaɗan ne, amma mai nauyi: na ga wannan mutum, na tabbatar shi ne, ya san abin da yake sa wa hannu, ba tilasta shi aka yi ba, a rana kaza, a wuri kaza. Shi ya sa jami'a a Ingila ko banki a Dubai, waɗanda ba su san ka ba kuma ba su san kotun garinku ba, suke cewa a kai wa notari. Aron idonsa suke yi.

Dokar da ta riƙe wannan sana'a har zuwa 2023 ta 1936 ce. A lokacin Bourdillon ne Gwamnan Najeriya, Abdullahi Bayero na kan sarautar Kano, gyaɗa na bin jirgin ƙasa zuwa Legas. In ka karanta ta sai ka ji warin tashar jiragen ruwa. Tana maganar direban jirgin ruwan da guguwa ta ɓata masa kaya a teku, wanda zai je gaban notari ya rubuta bahasi don kada masu kaya da kamfanin inshora su ɗora masa laifi. Tana maganar takardar alkawarin biyan kuɗi da aka kai aka ƙi biya. Har ta ba majistarori da manyan jami'an kwastan na tashoshin ruwa ikon yin aikin notari albarkacin kujerarsu. Da ta zo bayanin ayyukan notari kuwa sai ta taƙaita: zai yi irin abin da notari ke yi a Ingila. Ingilar da tun 1533 ofishin Babban Limamin Kantabari, jagoran limaman cocin Ingila, ne ke naɗa notari a cikinta. Wato barista a Sakkwato in yana son sanin iyakar aikinsa, sai ya leƙa abin da ake yi a Landan. Haka aka zauna shekara 87, aka yi 'yancin kai, aka canza fam zuwa naira, aka yi mulkin soja aka gama, dokar tana nan, kuɗaɗen aiki da tarar da ta ƙayyade sun koma abin ba'a.

Ba a yi ta don mai sayar da gida a Fagge ba, kuma ba abin mamaki ba ne, don Arewa tana da nata tsarin tun kafin zuwan Turawa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, da marubuci mai adalci, da kafa shaidu. Malaman Malikiyya sun mai da rubuta takardun ciniki da na wakilci fanni guda na ilimi, a Maroko ma har gobe adilan shaidu sana'a ce mai lasisi, su biyu ke zama su rubuta aure ko gado ko ciniki. A wajenmu alƙali da muftinsa, da mai unguwa da dagaci da dattawan layi, su ne suka riƙe wannan gurbi. Har yanzu gidaje da gonaki masu yawa da hatimin mai unguwa ake cinikinsu. Tsarin yana aiki ne saboda mai unguwa ya san ka, ya san mahaifinka, ya san inda katangarku ta tsaya. Notari kuwa an ƙirƙire shi ne don inda ba a san juna ba. Yau da ɗan Kano ke sayen kaya a Gwanju ta ƙasar Sin, 'yarsa na karatu a Indiya, ƙaninsa na aiki a Riyad, mu ma mun shiga duniyar da ba a san juna ba.

A watan Yunin 2023, 'yan makonni bayan ya karɓi mulki, Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar notari tare da gyaran dokar shaida ta 2011. Hayaniyar cire tallafin mai ta danne labarin, in ban da lauyoyi ba wanda ya kula. Su biyun tafiyarsu ɗaya: ta farko ta ba notari iko, ta biyu ta sa kotu ta karɓi abin da ya yi.

Sabuwar dokar ta daina tura mu Ingila, ta jera ayyukan notari da kanta, ta ƙara da shaidar takardu ta hanyar na'ura. Rajistar sunaye za ta kasance a littafi da kuma a kwamfuta. Notarin da ke son yin aiki ta intanet sai ya fara sanar da Babban Magatakardar Kotun Ƙoli, ya yi rajistar irin sa hannunsa na na'ura, ya samu hatimi na na'ura maimakon jan nan da ake mannawa a matse da ƙarfe. Mai buƙata yana iya kasancewa a jiha ɗaya da notarin, ko a wata jiha, ko a wajen ƙasar baki ɗaya, muddin suna ganin juna suna jin juna kai tsaye. Dole a tantance shi ta hanya fiye da ɗaya, dole kuma a naɗi zaman a ajiye. Takardar da aka yi ta haka tana da daraja a kotunan Najeriya kamar wadda aka yi gaba da gaba. Gyaran dokar shaida ya ƙara da cewa ana iya yin rantsuwa ta sauti da hoto, ya kuma amince da sa hannun na'ura. A 2024 Babbar Kotun Tarayya ta bi sahu, ta buɗe shafinta na yin afidabit ta intanet.

Masu yabon dokar sauri suke ambato, da rage tafiya, da sauƙaƙa kasuwanci. Duk gaskiya ne. Masu sukarta kuwa cewa suke an zubar da sharaɗin da ya fi kowane muhimmanci, wato ganin ido da ido. Waɗannan nake so su je su zauna a bencin da na zauna ƙarƙashin darbejiya. Wane ido da ido? Sharaɗin ya daɗe da mutuwa a wurare da yawa, takarda ce kawai ba ta sanar da rasuwarsa ba. Lauyoyi sun san ana aiko da takardu da masinja a buga musu hatimi, mai takardar yana gida ko ma yana wata ƙasa. Ba duka ke yi ba, akwai masu tsantseni da ba za su buga ba sai sun gan ka da katin shaidarka. Amma wanda ya yi ha'incin, da me za a kama shi?

A ganina nan ne dokar ta kawo sabon abu na gaske, kuma shi ne abin da aka fi yin shiru a kansa: naɗar zaman. A tsarin takarda, "a gabana" ikirari ne da ba mai iya bincikawa. In rigima ta tashi bayan shekara 10, magada sun ce mahaifinsu bai taɓa sa hannu a takardar wakilcin da aka sayar da filinsa da ita ba, me alƙali ke da shi? Sa hannun mamaci, da hatimi, da notarin da zai ce ba ya iya tuna kowace fuska. Sashe na 150 na dokar shaida kuma ya ce kotu ta ɗauka takardar wakilcin da aka yi a gaban notari an yi ta yadda ya kamata, don haka mai musu shi ne da ɗawainiyar kawo hujja. Da wace hujja zai zo? Amma in akwai bidiyo, sai a kunna. A ga ko dattijon ne, a ji muryarsa, a ga ko an karanta masa, a ga ko yana cikin hayyacinsa. Notarin da ya san za a iya kunna aikinsa a gaban alƙali, da alƙalan da za su iya cire sunansa daga rajista, ba zai yi sakaci irin na mai buga hatimi a kan tarin takardun da masinja ya kawo ba. Sai ga shi zaman da aka yi daga nesa yana iya fin na kusa gaskiya.

Sai dai amfanin bidiyo yana ga ajiyarsa. A ina zai zauna? In a kwamfutar barista ne, ranar da ta lalace ko aka sace ta ko shi baristan ya rasu, shi ke nan. In a wajen wani kamfanin fasaha ne, kamfani na iya rushewa. Rigimar fili a ƙasar nan tana kai shekara 20 a kotu, wani lokaci sai jikoki su gaji shari'ar kakanni, to wace waya ce ke kai haka? Ga kuma sirri. A cikin bidiyon akwai fuskar mutum da lambar katinsa da bayanin dukiyarsa, abin da mai garkuwa da mutane zai biya kuɗi ya samu. A watan Yunin nan dai na 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, kuma notarin da ke tara irin waɗannan bidiyoyi ya shiga ƙarƙashinta, ko ya sani ko bai sani ba.

Faransa ta fi mu tsoron wannan. Notarinta sun fara yin takardun na'ura tun 2008, amma sai da suka gina rumbun ajiya guda na ƙasa baki ɗaya, doka kuma ta ɗora musu riƙe asalin takarda shekara 75. Kiran bidiyon ma ba da kowace manhaja ake yi ba, sai wadda majalisar sana'ar ta amince da ita. Da korona ta kulle mutane a 2020 an yarda na ɗan lokaci a yi takardu daga nesa, da aka zo mai da shi na dindindin a ƙarshen shekarar sai aka tsaya a kan takardar wakilci kawai. Amurka ta bi wata hanyar. Can notari ba sai lauya ba, sun haura miliyan 4, ana samunsu a banki da shagon aika saƙo. Jihar Bajiniya ce ta fara halatta aikin daga nesa da dokar da ta fara aiki a 2012, yanzu jihohi sama da 40 sun bi. Dokarmu ta fi kama da tasu a wajen buɗe ƙofa. Amma wani ginshiƙin tantancewarsu shi ne a jefo wa mutum tambayoyi daga tarihin bashinsa da gidajen da ya taɓa zama, abin da ɓarawon suna ba zai iya amsawa cikin minti 2 ba. Mu ba mu da irin wannan kundi a kan talaka. Abin da muke da shi lambar NIN ce, wadda mutum sama da miliyan 100 suka yi, da BVN ta banki da aka fara a 2014, dukansu da hoto da zanen yatsa. In za a haɗa notari da waɗannan rumbuna ya duba kai tsaye, to an samu abin dogaro. In kuwa tantancewar ita ce mutum ya ɗaga kati a gaban kyamara, ai mai kwamfutar ƙarƙashin darbejiya ma zai iya buga kati.

Fuskar ma yanzu ba abin rantsuwa ba ce. A farkon 2024 wani ma'aikacin kamfani a Hon Kon ya tura kusan dala miliyan 25 bayan taron bidiyo da ya yi da shugabanninsa, ashe duk fuskoki da muryoyin na bogi ne, kwamfuta ta haɗa su. Mutumin ya san shugabannin nasa, amma aka ci shi. Ina ga notarin da bai taɓa ganin mai takardar ba?

Kada kuma a ɗauka waɗannan ƙa'idoji ado ne. Wanda ya bi shari'ar zaɓen shugaban ƙasa na 2007 zai tuna abin da ya sami ƙarar Janar Buhari a kan nasarar Umaru 'Yar'aduwa. Mafi yawan rubutattun bayanan shaidunsa an rantsar da su ne a gaban wani notari wanda kuma yana cikin lauyoyinsa. Dokar shaida ta hana a karɓi rantsuwar da aka yi a gaban lauyan mai ƙara, dokar notari kuma ta hana notari aiki a maganar da yake da ruwa da tsaki a ciki. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yi watsi da bayanan, Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin a Disambar 2008, alƙalai 4 suka rinjayi 3. Ba wannan kaɗai ya kayar da ƙarar ba, amma ya kwashe mata ƙafafu. In tambayar "a gaban wa aka rantse?" ta iya yin haka a shari'ar kujerar shugaban ƙasa, to a jira irin tambayoyin da lauyoyi za su zo da su yanzu: notarin ya yi rajistar aikin na'ura kafin ranar? Hatimin nasa ne ko na ofishinsu? Ina bidiyon? Layi ya yanke a tsakiya? Shekaru masu zuwa kotuna za su sha wannan, kuma daga hukuncinsu ne za a san ainihin faɗin dokar.

Abin da ya fi damuna bai kai fasahar haɗa fuska tsada ba. Mu ɗauki misalin da kusan kowane babban gida a Kano ya sani. Maigida ya rasu ya bar gida a cikin gari, magada 9, ɗaya daga ciki gwaggo ce da ta shekara 30 a Makka. Ba za a sayar ba sai da yardarta. A da sai ta je ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya a Jidda, ko a jira mai zuwa Umara ya kai takarda ya dawo da ita, wata 6 ana abu ɗaya. Yanzu cikin yini guda an gama, wannan alheri ne ba ƙarami ba. To amma wa ke riƙe da wayar? Ɗanta ne, ko ɗan ɗan'uwanta da ya matsu a sayar. Barista na ganin fuskar tsohuwa da labule a bayanta, ba ya ganin wanda ke tsaye gefe yana mata alama da hannu. A ofis zai iya cewa, "Samari, ku ɗan ba mu wuri, zan yi magana da Hajiya." Ta waya fa? Sai dai ya ce a zagaya da kyamara ya ga ɗakin, wanda ke laɓe a bakin ƙofa kuma ya koma bayan an gama.

Sannan harshe. Gwaggo tana karanta Alƙur'ani, tana rubuta wasiƙa da ajami, amma takardar da Turancin lauyoyi aka rubuta ta, wanda mai digiri ma sai ya karanta sau biyu. Notari na ƙwarai zai ajiye takardar ya tambaye ta da Hausa:

"Hajiya, kin san abin da takardar nan ta ƙunsa?"

"Eh, ɗan nan. An ce in sa hannu a fitar mini da rabona."

"Ba haka ta ce ba, Hajiya. Cewa ta yi kin ba wane iko ya sayar da rabonki a kan kuɗin da ya ga dama, ya karɓi kuɗin a madadinki, kuma ba za ki iya janye ikon ba."

Daga nan sai a ji abin da za ta ce. Dokar shaida ta riga ta tanadi cewa in mai rantsuwa bai iya karatu ba ko makaho ne, a rubuta a ƙasan takarda cewa an karanta masa ko an fassara masa da harshensa kuma ya nuna ya fahimta, jihohi ma suna da dokokin kare wanda bai iya karatu ba. Amma layin nan shi ma, kamar "a gabana", an saba buga shi ba tare da an karanta wa kowa komai ba. Ga inda bidiyo zai yi rana: in an ce an fassara mata, a ji fassarar. Ni da za a tambaye ni, ƙa'idar farko da zan so a kafa wa masu aiki daga nesa ita ce karantawar da fassarar su kasance cikin abin da aka naɗa, tafinta kuma ya faɗi sunansa, kada ya zama cikin masu cin gajiyar takardar. Takardar wakilcin da ba a janyewa ita ce dokin da ake hawa a cinikin filaye da yawa, musamman a Abuja, saboda mutane na gudun dogon layin neman amincewar hukuma da dokar filaye ta 1978 ta shar'anta. Duk abin da ya sauƙaƙa yin ta ya sauƙaƙa wa na kirki da mugu baki ɗaya.

Maganar layin waya ba sai an daɗe a kanta ba. Wanda ke ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis, ko wanda ya ga yadda aka rufe layuka a Zamfara a 2021, ya san dokar ba da shi take ba tukuna. Notari ma yawancinsu a manyan birane suke, kuɗinsu kuma ya fi na kwamishinan rantsuwa nesa ba kusa ba, don haka talaka zai ci gaba da zuwa bakin kotu.

Wanda ke ciniki tsakanin Kano da Maraɗi kuwa ya kiyaye wani abu: sunan ɗaya ne, nauyin ba ɗaya ba. Nijar ta gaji tsarin Faransa, inda notari jami'i ne da hukuma ta ba amanar rubuta takardar da kansa, ya bincika halascin cinikin, ya riƙe asalinta a ofishinsa. Takardar bashin da ya rubuta aka sa mata umarnin zartarwa ana iya bin haƙƙi da ita ba sai an sake doguwar shari'a ba. Namu shaidar sa hannu ya fi yi. Saboda haka in an ce maka a can "kawo takardar notari", kada ka ɗauka hatimin da aka buga maka ta bidiyo daga Kano zai cike gurbin, ka tambaya tukuna.

Wannan ya kawo mu ga katangar da dokar ba ta taɓa ba. Majalisar Najeriya tana iya umartar kotunan Najeriya su karɓi hatimin na'ura, amma ba ta da iko a kan jami'ar Istanbul ko ma'aikatar Riyad. Kuma yawancin masu neman notari takardarsu waje za ta. Tun 1961 akwai yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Heg na ƙasar Holan wadda ta ce ƙasashen da ke cikinta su wadatu da tambari guda daga ƙasar da takarda ta fito, ba sai an bi ofishin jakadanci ba. Ƙasashe sama da 120 ne a ciki. Afirka ta Kudu da Maroko da Tunisiya da Senegal suna ciki. Indiya da Turkiyya sun daɗe da shiga, Saudiyya ta shiga a 2022, Sin a 2023, Kanada a 2024, wato da yawa daga cikin wuraren da 'ya'yanmu ke zuwa karatu da fatauci. Najeriya ba ta ciki. Saboda haka bayan notari sai Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, in takardar makaranta ce sai an fara biyawa ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, sannan a kai ofishin jakadancin ƙasar da za a je, kowane da kuɗinsa da layinsa da 'yan "kawo in shigar maka" a bakin ƙofa. Da yawa daga cikin waɗannan tebura takarda suke so su taɓa da hannu, su ga jan hatimi ya yi tudu.

Ɗalibar da ta samu gurbin karatun likita a Turkiyya tana iya gamawa da notari cikin minti 15 daga ɗakinta a Katsina, da wayar yayanta. Washegari da asuba tana tasha tana neman motar Abuja, asalin takardunta a cikin leda saboda ruwan sama, mahaifiyarta na jaddada mata kada ta ba kowa su riƙe.